Wai Shafa Kala Maganin Damuwa Ne?

'Yan uwana mata, akwai wani yayi da ya taso a ƙasashen Turai da Amurka tun wajajen shekarar 2013, wanda har yanzu ɓurɓushinsa yake isowa gare mu ta cikin waya, shi ne yayin littafin shafa kala na manya. Ba irin na 'yan firamare nake nufi ba, wanda ake zana musu mangwaro da akuya a ce su shafa. A'a, wannan na manyan mata ne masu aure da 'ya'ya, da ma'aikatan ofis. Za ki ga mace da hankalinta ta sayi littafi cike da zanen furanni da ganyayyaki baƙi da fari, ta haɗa da kwalin fensir mai kala, ta zauna tana cike gurabe ɗaya bayan ɗaya. Idan kika tambaye ta dalili sai ta ce miki natsuwa take nema, wai wannan aiki wani nau'i ne na horon zuciya da yake korar damuwa. To tunda damuwa ba baƙuwa ba ce a ɗakunanmu, na ga ya dace mu zauna mu juya wannan haja ciki da waje kafin a gama tallata mana ita, mu ga ina gaskiya take, ina kuma romon baka yake.

Littattafai biyu ne a gabana yanzu da nake wannan rubutu, wata ƙanwar maigidana ce da take karatu a Ingila ta kawo min su tsaraba, don ta san ni da son takarda. Na farko shi ne wanda ya buɗe ƙofar kasuwar, sunansa Secret Garden, ma'ana ɓoyayyen lambu. Wata mai zane 'yar ƙasar Sikotlan mai suna Johanna Basford ce ta yi shi, ya fito a 2013. Kafin tsakiyar 2015 an sayar da fiye da kwafi miliyan ɗaya, an kuma buga shi cikin harsuna sama da 20, duk da cewa ba wani rubutu mai yawa ne a cikinsa ba balle a sha wahalar fassara. A Amurka kaɗai, masu ƙididdigar cinikin littattafai sun ce an sayar da ire-irensa kimanin miliyan 12 a 2015, alhali a shekarar da ta gabace ta bai wuce miliyan 1 ba. Har ta kai a 2016 kamfanin fensir na Faber-Castell da ke Jamus sai da ya ƙara lokutan aiki a masana'antarsa saboda yawan masu neman fensir mai kala. Mu da muke buga littafi kwafi 2,000 mu shekara muna bin 'yan kasuwa kuɗinmu, ai kin ga sai dai mu riƙe baki.

Idan ana maganar zane, gaskiya wannan baiwar Allah ta iya hannunta, ba zan tauye mata ba. Da alƙalami da baƙar tawada ta zana komai. Kakanta shi ne shugaban masu kula da lambun wani tsohon gidan sarauta da ake kira Brodick a tsibirin Arran, can take zuwa hutu tana yarinya, kuma alamar haka ba ta ɓuya ba, domin kuwa ganyenta ganyen wadda ta taɓa riƙe ganye ne a hannu ta kalli jijiyoyinsa. Ta kuma yi wata dabara, ta ɓoye ƙananan halittu a cikin ciyayin, ƙudan zuma a nan, malam-buɗe-littafi a can, ta ce mai littafi ya nemo su. Wannan neman shi ne abin da ya fi burge ni a littafin gaba ɗaya, saboda dole ya sa ki rage gudu ki kalli shafi da idon basira, ba irin kallon da muke yi wa waya ba muna murzawa da yatsa. Sannan a bangonsa ba ta ce da kowa magani take sayarwa ba, ta ce farautar abin ɓoye ne da shafa kala, shi ke nan. Aibinsa kuwa, guraben sun yi ƙanƙanta ƙwarai, wadda za ta shafa su da fitilar waya idan an ɗauke wuta, wallahi ciwon kai za ta kwasa ba natsuwa ba. An buga zanen gaba da baya a takarda ɗaya, idan kika sa alƙalami mai ruwa sai ya huda ya ɓata na bayan, wasu zanukan kuma sun nutse cikin ɗaurin littafin inda fensir ba ya kaiwa. Babu zogale babu kuka a lambun, amma wannan ba laifinta ba ne, lambun kakanta ta zana ba na kakanmu ba.

Littafi na biyu shi ne wanda nake da rigima da shi. Sunansa The Mindfulness Colouring Book, na wata mai zane Emma Farrarons, ya fito a Ingila a 2015, ɗan ƙarami ne yadda zai shige jakar hannu. Zanen ciki yawanci maimaici ne, igiyar ruwa, da'ira cikin da'ira, ganye a jere, kamar dai zanen atamfa kafin a zuba mata launi. A wurina bai kama ƙafar na farko ba wajen kyau, amma alkawarin da ke bangonsa ya ninka na farko, domin ya kira kansa maganin gajiyar zuciya ta hanyar zane ga masu yawan hidima, ya kuma ɗora wa kansa waccan kalma ta Turanci da ke cikin sunansa. Daga nan ne fa aka ɗaura auren shafa kala da horon tattara hankali a idon jama'a, kowane mai buga littafi ya bi sahu.

Bari in warware miki asalin kalmar, don sai an san mafarin rafi ake sanin ruwan da ake sha. Tushenta wata kalma ce ta tsohon harshen Pali na ƙasar Indiya, sati, wadda take cikin koyarwar addinin Budda fiye da shekaru 2,000, kuma ma'anarta ta asali tana kusa da tunawa, wato mutum ya riƙa tuna inda yake da abin da yake yi. Wani Bature ɗan Birtaniya, Rhys Davids, shi ya fassara ta da waccan kalma ta Turanci a 1881. Wanda ya shigar da ita asibiti kuwa wani masanin kimiyya ne ɗan Amurka, Jon Kabat-Zinn, a 1979, a asibitin jami'ar Masacusets. Ya tattaro marasa lafiyar da ciwo ya ƙi sakinsu, waɗanda likitoci sun yi iya yinsu, ya tsara musu horo na mako 8. Ya cire rigar addinin, ya bar aikin. Kuma aikin ba wasa ba ne, ana son mutum ya ware kimanin minti 45 kusan kullum a gida, ya zauna ko ya kwanta, ya sa hankalinsa a kan numfashinsa ko a kan gaɓoɓinsa ɗaya bayan ɗaya. A darasin farko ma busasshen inabi ƙwaya ɗaya ake ba mutum, a ce ya kalle shi, ya shinshina, ya juya shi a harshe, ya ci shi a hankali kamar bai taɓa ganin irinsa ba. Gwada da dabino ɗaya ki gani, za ki sha mamakin yadda shekara da shekaru kike haɗiye abinci ba ki san ɗanɗanonsa ba.

Zuciyar horon ita ce wannan: hankalinki zai gudu, dole ne. Zai tafi wurin maganar da uwar miji ta yaɓa miki jiya, zai tafi wurin kuɗin makarantar yara. Abin da ake koya miki shi ne ki lura cewa ya gudu, ki ga inda ya je, kada ki zagi kanki, ki kamo shi ki dawo da shi. Ya sake gudu, ki sake kamowa. Ana so ki iya zama da damuwar a gabanki kina kallonta ido da ido ba tare da ta ja ki ta yi gaba da ke ba. To yanzu ki auna wannan da abin da yake faruwa idan kina shafa kala. Kina cike fure na goma sha, hankalinki ya nutse cikin ja da kore, kin manta da uwar miji, kin manta da kuɗin makaranta, sai kiran salla kika ji. Wannan sunansa shagala, kuma shagala mai kyau ce, ta fi zaman gulma, ta fi kwana ana kuka. Amma shagala daban, farkawa daban. Ɗaya tana rufe miki ƙofa ne damuwa tana waje tana jiranki, ɗaya tana koya miki yadda za ki zauna da ita a ɗaki ɗaya ba ta shaƙe ki ba. Littafin Farrarons ya sayar da ta farko da sunan ta biyu. Ana iya shafa kala cikin farkawa, ƙwarai kuwa, kamar yadda ake iya wanke-wanke cikin farkawa, sai dai fensir ba shi zai koya miki ba, kuma 'yan layukan da ke farkon littafin ba su isa su zama malami ba.

Masu tallar suna yawan cewa ai bincike ya tabbatar. Akwai binciken kam, bari in gaya miki yadda yake. A 2005 wasu masu bincike biyu a Amurka, Curry da Kasser, suka ɗauki ɗalibai 84, suka sa kowanne ya rubuta labarin wani lokaci da ya taɓa jin tsoro don a tayar masa da hankali, sannan aka raba su uku aka ba su minti 20. Kashi na farko suka shafa zanen da'ira mai ƙawa, na biyu suka shafa zanen gida-gida irin na zanin gado, na uku aka ba su farar takarda aka ce su yi abin da suka ga dama. Waɗanda aka ba zane hankalinsu ya fi saurin kwanciya a kan masu farar takarda. Wannan sakamako ban yi musunsa ba, don duk marubuciya ta san fargabar farar takarda, ki zauna da biro a hannu kina kallonta tana kallonki. Zanen da aka riga aka shata yana sauke wa mutum nauyin tunanin me zan yi, kuma wannan rahama ce ga wadda kanta ya riga ya cika. Amma fa ki lura, ɗalibai ne, minti 20 ne, tsoron ma na haya ne da aka tayar musu a aji. Ina wannan ina matar da ta shekara uku ba ta yi barcin kirki ba? Ita kanta ƙungiyar masu jinya da zane ta Amurka ta fito a lokacin da yayin yake ganiyarsa ta ce shafa kala don hutawa ba laifi, amma kada a kira shi jinya, domin jinya sai da ƙwararre a zaune tare da mara lafiya.

Shi kansa horon na asali, masana ba su ce ya fi ƙarfin kowace cuta ba. A 2014 an tattara gwaje-gwaje 47 aka duba su tare, aka ga yana rage fargaba da baƙin ciki da raɗaɗin ciwo gwargwado, ba ƙwarai ba, kuma ba a ga ya fi magani ko motsa jiki ba. A 2022 kuma aka fitar da sakamakon wani babban gwaji a Birtaniya, yara 'yan makaranta sama da 8,000 a makarantu fiye da 80, aka koya wa wasu horon a aji, aka bar wasu da darasinsu na yau da kullum. Da aka auna babu wani bambanci, yawancin yaran ma ba su yi aikin a gida ba. Abin da aka tilasta wa mutum ba ya zama natsuwa.

Ita kuwa waccan da'ira mai ƙawa da ta cika littattafan nan, wadda suke kira mandala, tana da nata tarihin da aka yanke mata jela. Malaman addinin Budda na ƙasar Tibet da yashi mai launi suke yin ta. Mutum huɗu ko fiye za su durƙusa a gefen allo, kowa da ɗan siririn mazurarin ƙarfe, yana goga masa sanda yashin yana zuba ƙwaya-ƙwaya, su yi kwanaki, wani lokaci makonni. Ranar da aka gama, ranar da ta fi kowace rana kyau, sai su sa tsintsiya su share ta, su tattara yashin su kai rafi su zuba. Darasin yana cikin sharewar ne, wato kada zuciya ta maƙale wa abin da hannu ya yi. Da aka kawo ta kasuwa sai aka ɗauki da'irar aka bar tsintsiyar. Yanzu mace tana gama shafawa sai ta ɗauki hoto ta sa a Instagram ta zauna ƙirgen waɗanda suka yaba, idan ba su kai na ƙawarta ba ranta ya ɓaci. Haba jama'a, wace irin natsuwa ce wannan? Ni a ganina mai ƙunshi ta fi kusa da waɗancan masu yashi. Za ta sunkuya awa uku a kan ƙafar amarya tana jan zare-zaren fure, ta san sarai bayan mako biyu babu ko alamarsa, kuma hakan bai taɓa sa ta yi aikin ganin dama ba.

A nan zan ɗan yaba wa wata hanya da ake kira Zentangle, wadda wasu mata da miji 'yan Amurka, Maria Thomas da Rick Roberts, suka fito da ita a farkon shekarun 2000. 'Yar takarda ce murabba'i, inci 3 da rabi, ke za ki ja layukanki da kanki kina maimaitawa, kuma ƙa'idarsu babu kilina, layin da ya karkace sai ki san yadda za ki mayar da shi ado. Wannan ƙa'ida ta yi min. Sai dai su ma sun yi wa abin rajista ya zama hajarsu, mai son ta zama malamarsa sai ta biya kuɗi an ba ta shaida, alhali masu zanen ƙwarya sun daɗe suna aiki da wuƙa mai zafi inda babu halin gogewa.

Yanzu bari mu zo gida, don akwai abin da ya tsaya min a rai tun ranar da na fara buɗe littattafan nan. Zane baƙi a kan fari wanda wani ya shata, mace ta zauna tana cike gurabensa da launi ɗaya bayan ɗaya, shiru, kai a sunkuye. 'Yar uwa, wannan ai ɗinkin hula ne! Mai zane ya zana a kan farin ƙyalle, a kawo wa mata cikin gida, su bi da allura da zare gida-gida har ta cika. Babu abin da ya raba su sai cewa ɗaya fensir ce ɗaya allura, kuma ta allura ta fi wuya nesa ba kusa ba. Idan da gaske cike gurbi da launi shi ne maganin damuwa, to da babu wanda ya kai matan Kano da Zariya da Maiduguri kwanciyar hankali a duniya. Ki tuna matan Bama. Da garin ya faɗa hannun Boko Haram a watan Satumba na 2014, dubbansu suka gudo Maiduguri, da yawa an kashe musu maza, kuma da ɗinkin hular nan da ake kira da sunan garinsu wasu suka riƙa ciyar da marayu a sansanin gudun hijira. Ba na shakkar allurar ta ɗebe musu kewa, musamman da yake a gungu ake zama ana ɗinki ana hira, mace ta ga ba ita kaɗai ba ce. Amma wa zai kalli idonsu ya ce hutawa suke yi?

Hula mai kyau sai ta ci wa mace makonni, wata fiye da wata guda. Wuya ya ƙage, baya ya riƙe, ido ya fara ganin dishi-dishi tun ba a tsufa ba. Mai hula yana aiko yaro kullum, salla ta matso. Idan an gama a kai wa mai wanki ya wanke ya buga ta ta miƙe, a sa ta a shago, kuɗin da mai saye zai biya da abin da ya shigo hannun mai ɗinki ko kusa ba su haɗa hanya ba, kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. To kin ga motsin hannu iri ɗaya ne, amma waccan ta Landan tana biya ne don ta yi, wannan ta Ƙofar Mata ana biyanta abin da bai taka kara ya karya ba don ta yi. Abin da waccan take saya da kuɗinta ba zane ba ne, awa guda ce wadda babu mai kiranta, babu mai jiran aikin, idan ta ɓata babu mai cire mata ko kwabo. Wannan awa ita ce maganin, kuma babu ita a cikin kwalin fensir. Littattafan nan biyu babu wanda ya tambayi mace wa zai riƙe mata goyo kafin ta gama shafin.

Wannan ya kawo ni ga abin da nake tsoro. Wani malamin jami'a a Amurka, Ronald Purser, ya fitar da littafi a 2019 yana sukar yadda kamfanoni suka rungumi horon nan. Hujjarsa ita ce, maimakon a rage wa ma'aikaci aiki ko a ƙara masa albashi, sai a kawo masa mai koya masa numfashi, a nuna masa cewa gajiyar daga kansa take. Da na ji wannan sai na ce ashe su ma suna da nasu. Mu nan tun muna 'yan mata kalma ɗaya ake ba mu guzuri ranar kai amarya, haƙuri. Ba ya kawo cefane, ki yi haƙuri. Ya ɗaga miki hannu, ki yi haƙuri. Haƙuri abu ne mai daraja, babu mai musu, amma sau nawa ake amfani da shi don a rufe bakin wadda aka zalunta a bar azzalumi yana shan iska? Ina gudun ranar da mace za ta ce zuciyata ta yi nauyi, a miƙo mata littafin furanni a ce shafa ki ji sanyi, a sauya wa tuwo suna kawai. Wata damuwar ba a zuciya take ba, a tukunyar da ba a ɗora ba take, kuma maganinta a zauna da waliyyai a yi magana.

Akwai kuma wadda ta wuce nan, ta zama ciwo. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a ƙasashe masu tasowa kusan mace ɗaya cikin biyar tana samun matsalar ƙwaƙwalwa bayan haihuwa, yawanci ciwon baƙin ciki. Idan kin ga mai jego ta yi mako biyu ko fiye ba ta ci, ba ta barci ko da jaririn ya yi barci, tana kuka babu dalili, ba ta son ɗaukar ɗanta, ko tana cewa gara ta mutu, wannan ba ta fensir ba ce, ba kuma ta allura ba ce. A kai ta asibiti. Akwai sashen masu wannan lalura a asibitin koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai asibitin Dawanau, akwai na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta jihar Sakkwato. Tun watan Janairu na 2023 ma aka sa hannu a sabuwar dokar lafiyar ƙwaƙwalwa a Nijeriya, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar 1958, ta kuma ba mai wannan ciwo haƙƙin a kula da shi cikin mutunci. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Na san wata za ta ce, to tunda tushen abin daga addinin Budda yake, ya halatta? Fatawa ta malamai ce, ni marubuciya ce. Iyakar abin da zan ce, cike zanen fure da kala ba ibadar kowa ba ce, kuma mai sallah sau biyar ba baƙuwa ba ce ga yaƙin kamo zuciya idan ta gudu kasuwa ana tsakiyar raka'a.

Saboda haka wadda take da hali kuma tana sha'awa, ta sayi na Basford, ta saye shi a matsayin littafin zane mai kyau, ta kuma fi mayar da hankali ga shafukan da aka bari da gangan ba a ƙarasa ba, inda aka zana reshe aka ce ke ki sa masa ganye. Duk da abin da binciken can ya nuna game da farar takarda, reshen da aka fara miki ya isa ya kore fargabar, sauran kuma naki ne. Na Farrarons kuwa, biro da bayan tsohuwar kalanda za su yi miki aikinsa. Wadda ba ta da kuɗin ko ɗaya ba ta yi asarar komai ba in dai tana da kwarashi da ulu, ko kaba da za ta saƙa faifai, ko ragowar zare daga hular mutane. Sharaɗin dai shi ne aikin ya zama ba na sayarwa ba ne, ba na biki ba ne, ba kuma wanda za a nuna wa kowa ba. Ki zaɓi lokacin da gida ya yi shiru, ko da kwata ɗaya ce bayan azahar, ki kife wayar a wani ɗaki. Ki ji yadda zaren yake bi ta cikin ƙyalle, ki ji ɗan sautin da yake yi, ki lura da kafaɗarki idan ta ɗage ki sauke ta. Tunanin kishiya zai zo, ki ce a ranki ga shi nan ya zo, ki koma kan allura. Idan kin karkace layi kada ki farke, ki ci gaba a haka. Idan yaro ya farka yana kuka, ki soke allurar a gefen ƙyallen, ki ɗora a saman kwaba inda hannunsa ba zai kai ba, ki je ki ɗauke shi.